Shaidar Ƙasa A Kan Maƙeran Baikinawa

Duk wanda ya karanta tarihin ƙasashen Turai na ƙarni na tara da na goma bayan haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, ba zai rasa cin karo da labarin wasu mutane ba, waɗanda suka fito daga can ƙuryar arewa, daga ƙasashen da a yau ake kira Denmak da Norwe da Suwidin, suna tuƙa dogayen jiragen ruwa marasa zurfin ciki, suna faɗa wa garuruwan gaɓar teku da na bakin kogi ba zato ba tsammani, su kwashi dukiya da bayi, kafin a yi gangami sun ɓace. Turawa na kiran su Baikin, mu ce Baikinawa. Marubutan Andalus, waɗanda suka ɗanɗana harinsu a birnin Ishbiliya a shekarar 844, sun kira su Majusu. Su kuwa Larabawan gabas, da suka haɗu da 'yan'uwansu a bakin Kogin Bolga, sun san su da sunan Rus. An saba ƙirga zamaninsu daga shekarar 793, lokacin da suka washe gidan ibadar Kirista na tsibirin Lindisfan a Ingila, zuwa 1066, lokacin da aka kashe Sarkin Norwe, Haral Hardrada, a fagen fama kusa da birnin Yok.

Sai dai akwai abin da ya wajaba mai nazari ya lura da shi game da wannan labari, shi ne cewa galibin waɗanda suka rubuta shi ruhubanawa ne da malaman coci, wato su ne aka ƙona wa ɗakunan ibada aka kwashe musu kayan alfarma, alhali Baikinawan wancan lokaci ba su bar littattafan tarihi ba, in ban da gajerun rubuce-rubuce a jikin duwatsu da itace. Malamanmu kuwa sun daɗe da koya mana cewa riwayar ɓangare ɗaya, ko da mai ita adali ne, ba ta isa a yanke wa mutum guda hukunci da ita ba, balle al'umma. To, shaida ta biyu ta samu, kuma daga ƙarƙashin ƙasa ta fito, domin tun daga wajen shekarar 1870 zuwa yau masana ilmin kufai suna ta tono a tsofaffin garuruwan da waɗannan mutane suka kafa ko suka mallaka, irin su Birka a Suwidin, da Ribe a Denmak, da Hedebi da ke cikin Jamus ta yanzu, da Kaupang a Norwe, da Yok a Ingila, da Dablin a Ailan. Kuma mafi ƙarfin hujjar da suka samo ba tulin zinariya ba ce, sharar maƙera ce: fasassun tukwanen narki, da ɓaraguzan mazubai na yumɓu, da kashin maƙera, da ɗigon zinariya wanda ido ba ya gani sai da na'ura.

Ƙasar da ba ta da ma'adini

Farkon abin da ya kamata a sani shi ne, a wancan zamani ba a haƙar zinariya ko azurfa a ƙasashen Baikinawa. Baƙin ƙarfe kam suna da shi, suna tsamo tamarsa daga fadamu su narka, amma duk wata munduwar azurfa ko zoben zinariya da aka gani a hannun mutumin wannan yanki, to asalin ƙarfen daga wata ƙasa ya zo, ko ta hanyar takobi ko ta hanyar ciniki. Ta fuskar takobi, tarihi ya tabbatar da cewa a shekarar 845 Sarkin Faransawa, Sharl mai laƙabi da Mai Sanƙo, ya auna musu fam 7,000 na azurfa da zinariya domin su janye daga birnin Paris, a shekarar 991 kuma Turawan Ingila suka biya fam 10,000 bayan an ci su da yaƙi a Maldon, kuma daga nan kuɗin sayen zaman lafiya sai gaba ya yi ta yi.

Ta fuskar ciniki kuwa, ƙofa mafi faɗi ita ce ta gabas, wadda ta bi kogunan Rasha ta sadu da daular Musulunci. Fataken arewa suna gangarawa da fatun namun dawa masu laushin gashi, da takubba, da kakin zuma, da bayi, su komo da dirhami, da farko bugun Abbasiyawa, daga baya kuma bugun Samaniyawa na Samarƙandu da Balkh da Shash, wato Tashkent ta yau. Ahmad ibn Fadlan, wanda ke cikin tawagar da Halifa Muƙtadir ya aika daga Bagadaza, ya isa ƙasar Bulgar a bakin Bolga a shekarar 922, daidai da 310 ta Hijira, ya ga waɗannan fatake da idonsa, ya kuma ba da labarin cewa duk sa'ad da dukiyar ɗayansu ta cika dirhami 10,000 sai ya sa a ƙera wa matarsa ƙawanyar wuya guda, in ta ninka ya ƙara mata wata. Ƙasa ta gaskata shi, domin a Suwidin kaɗai an tono dirhami fiye da 80,000, kuma a shekarar 1999, a wata gona da ake kira Spillings a tsibirin Gotlan, an sami ajiyar azurfa mai nauyin kilo 67, cikinta har da tsabar kuɗi fiye da 14,000, kusan dukkansu na ƙasashen Musulmi.

Zinariya ita ce ta yi ƙaranci, saboda haka ba ta zama kuɗin kasuwa ba, ta tsaya a matsayin kayan sarauta da kyautar girmamawa. Ɗaya daga cikin manyan ajiyoyinta ita ce wadda wani ma'aikacin gona ya tarar a Hoen, a ƙasar Norwe, a shekarar 1834, mai nauyin wajen kilo 2.5, wadda a cikinta akwai dinaren Larabawa da kuɗin Rumawa da na Faransawa, duk an liƙa musu 'yan kunnuwa an mai da su abin ratayawa a wuya. Amma ajiya irin wannan, duk da kwarjininta, bebiya ce: tana nuna cewa an mallaki dukiya, ba ta faɗin wanda ya ƙera ta, ko inda ya zauna, ko abin da ya sani. Ga shi kuma zinariya ba abar yarwa ba ce, maƙeri yakan share ƙasan maƙerarsa ya wanke ƙurar domin ya tsince abin da ya zube, kayan ado kuma in sun tsufa sai a narka su a sake wasu. Saboda haka mai neman sawun maƙerin zinariya ba zai same shi ba sai a jikin abin da maƙerin ya raina ya watsar.

Abin da aka tarar a Yok

Babu inda wannan ya fi bayyana kamar birnin Yok, wanda rundunar Baikinawa ta ci a shekarar 866, ya zama cibiyar mulkinsu a arewacin Ingila, sarkinsu na ƙarshe a can bai gushe ba sai a 954. A tsakanin 1976 da 1981, kafin a gina wata babbar kasuwa ta zamani a titin da ake kira Coppergate, an ba ƙungiyar masana kufai ta birnin, York Archaeological Trust, damar tono a ƙarƙashin jagorancin Richard Hall. Kuma da yake wurin yana kusa da kogi, ƙasarsa taɓo ce mai danshi wadda iska ba ta ratsawa, sai ya zamana itace da fata da tufa, waɗanda a wani wuri da tuni sun ruɓe, sun wanzu shekara dubu ba su lalace ba. Ƙasar da rayuwar mutane ta tara a wurin ta kai kaurin mita 9, an fito da kaya wajen 40,000, an kuma tarar da filaye huɗu a jere, kowanne siriri mai faɗin mita 5 da 'yan kai, gida yana fuskantar titi, bayansa kuma tsakar gida da rijiya da masai da juji.

A filaye biyu daga cikinsu, a cikin ƙarni na goma, maƙera ne ke zaune, kuma abin lura shi ne yawan irin ƙarafan da ake sarrafawa a wuri ɗaya: ga aikin maƙerin baƙi, wanda ke ƙera wuƙaƙe da allurai da makullai, yana haɗa ƙarfe mai tauri da mai laushi domin wuƙa ta yi kaifi ba tare da ta karye ba, ga kuma aikin maƙerin fari, wanda ke zubin dalma da kuza da tagulla domin adon talakawa, yana narka azurfa da zinariya domin masu hali. A nan ne aka sami hatimai biyu na ƙarfe na buga kuɗi, abin da samunsa ke da matuƙar wuya, tunda hukuma ba ta barin hatimin kuɗi ya yi yawo. Ɗaya na kuɗin da aka buga da sunan Waliyyi Bitrus ne, wanda a jikinsa aka haɗa takobi da gudumar Tor, abin bautar kakannin Baikinawa, ɗayan kuma na Sarki Atelstan na Ingila, wanda ya karɓe birnin a 927. A cikin wannan taɓo ne kuma aka tsinci hular alharini, da wani babban wuri irin na Bahar Maliya, da jabun dirhami wanda aka kwaikwayi bugun Samarƙandu na zamanin Amir Isma'il ibn Ahmad.

Su kuwa tukwanen narkin, ƙanana ne ƙwarai, wasu ba su fi a rufe su da tafin hannu ba, kuma da yawansu daga garin Stamford aka kawo su, domin yumɓun can yana jure wuta. Juriyar kuwa wajibi ce, tunda azurfa ba ta narkewa sai zafi ya kai digiri 962 a ma'aunin Selsiyos, zinariya 1,064, jan ƙarfe kuma 1,085, kuma da gawayi da zuga-zugi kaɗai ake kai wa ga wannan zafi. A irin wannan wuta fatar tukunya takan narke ta zama kamar gilashi, ta riƙe 'yan ƙwayoyin ƙarfen da aka narka a ciki. Saboda haka da masaniya Justine Bayley ta bi ɓaraguzan ɗaya bayan ɗaya, da madubin ƙara girman abu da na'urar da ke haska kaya ta bayyana ma'adinan da ke jikinsu, sai ta iya cewa wannan tukunya azurfa ta ɗauka, waccan tagulla, waccan kuma zinariya.

Tacewa da rabewa

Narka ƙarfe a zuba shi, wannan sana'a ce. Amma tace shi daga gauraye, wannan ilmi ne, kuma a nan ne martabar waɗannan maƙera take. Azurfar da ke zuwa hannunsu ta fito ne daga wurare dabam-dabam, wata tsantsa, wata an cuɗa ta da jan ƙarfe, saboda haka sai su sa ta a ɗan kasko mara zurfi tare da dalma, su narka, su yi ta hura iska a kanta. Iskar takan ci dalmar ta mai da ita wani irin ruwa mai kauri wanda ke janye jan ƙarfe da sauran ƙazanta, har a wayi gari ba abin da ya rage a tsakiyar kaskon sai ƙwayar azurfa mai ƙyalli. Da wannan hanya ake tace mai yawa, da ita kuma ake gwada kaɗan, domin in an auna guntu kafin wuta aka sake auna shi bayanta, abin da ya ragu shi ne gwargwadon algus ɗin da ke ciki. An sami irin waɗannan kasake a Yok da Dablin da Hedebi da Birka da Kaupang, wato ilmin bai taƙaita ga gari ɗaya ba.

Raba zinariya da azurfa ya fi wannan wuya, domin dalma ba ta raba su, tare suke fitowa daga wuta. Dabarar da aka bi ita ce a buge gaurayen har ya zama falle-falle marasa kauri, a jera su cikin tukunya ana sa garin gishiri da garin yumɓu a tsakaninsu, a rufe a liƙe bakin, sa'an nan a ajiye a wuta mai tsawon lokaci, da sharaɗin kada zafin ya kai ga narkar da ƙarfen. Tururin gishirin yakan ci azurfar ya shigar da ita cikin garin yumɓun da jikin tukunyar, ya bar zinariya ita kaɗai, daga baya kuma a narka garin da dalma a ƙwato azurfar, kada komai ya salwanta. Tukunyar da aka yi wannan aiki a ciki takan canza launi, cikinta ya yi ja-ja mai ratsin shuɗi, kuma da wannan alama aka gane ɓaraguzanta a Yok. Mutumin da ya san gwargwadon gishiri, ya san zafin da ya isa da wanda ya wuce kima, alhali ba shi da ma'aunin zafi sai launin garwashi, lalle ya zauna gaban malami ya koya, malamin ma ya koya daga wani.

Zubi da ado

A Ribe, gari mafi tsufa a Denmak, wanda kasuwarsa ta fara ci tun wajen shekarar 700, abin da ya fi yawa shi ne ɓaraguzan mazubai, dubbai a kan dubbai, kuma dalilin yawansu a fili yake: mazubin yumɓu sau ɗaya ake amfani da shi, in ƙarfe ya huce sai a fasa shi a ciro abin da aka zuba. Mafi shaharar abin da ake zubawa shi ne wasu manyan maɓallan tagulla masu siffar ƙoƙon bayan kunkuru, waɗanda mata ke sa guda biyu a ƙirji domin riƙe igiyoyin riga. Maƙeri yakan danna samfuri a cikin ɗanyen yumɓu ya sami fuskar mazubi, sa'an nan ya shimfiɗa ƙyalle a ciki ya ɗora yumɓun baya, in ya cire ƙyallen sai kaurinsa ya zama gurbin da tagulla za ta bi, shi ya sa har yau ake ganin sawun saƙa a bayan waɗannan maɓallai. Da samfuri ɗaya ana iya yin mazubai masu yawa, saboda haka iri ɗaya ya bazu tun daga Aislan har zuwa Kogin Bolga.

Tonon da Jami'ar Aarhus ta yi a Ribe a 2017 da 2018, ƙarƙashin Søren Sindbæk, ya ƙara wata fa'ida, ita ce tantance lokaci. A shekarar 775 rana ta yi wata irin fesowa wadda ta ƙara yawan wani nau'in kabon a cikin iskar duniya, alamarsa ta shiga jikin duk wani tsiro da ke raye a lokacin. Da masana suka gano shimfiɗar ƙasar da ke ɗauke da wannan alama, sai suka sami ma'auni tabbatacce, suka ga cewa fatauci da Norwe ya riga ya kankama tun wajen 750, duwatsun ado na gilashi daga ƙasashen Musulmi kuma sun fara shigowa da yawa wajen 790. Ashe ke nan kasuwa da maƙera sun riga harin Lindisfan. A Birka ma, inda Björn Ambrosiani ya yi tono daga 1990 zuwa 1995, an tarar da maƙerar zubi da dubban ɓaraguzanta. A wani kabarin mace na garin kuma, cikin waɗanda Hjalmar Stolpe ya buɗe tun ƙarni na 19, an sami zoben azurfa mai idon gilashi da rubutun Kufi, wanda masu bincike suka karanta sunan Allah a jikinsa.

Da yake zinariya ta yi kaɗan, sai aka koyi yadda za a sa kaɗan ɗin ta rufe wuri mai faɗi. Ana cuɗa ta da zaiba ta zama kamar man shafawa, a shafe tagulla ko azurfa da ita, a kanga a wuta, zaibar ta tashi hayaƙi, zinariyar ta manne; an kuwa sami ɗigon zaiba a Hedebi, alhali ita ma daga nesa ake kawo ta. Wannan gari na Hedebi, wanda ganuwarsa ta kai tsawon mita 1,300, shi ne wanda matafiyin Andalus, Ibrahim ibn Ya'ƙub mutumin Turtusha, ya ziyarta wajen shekarar 965, ya ce babban gari ne a ƙarshen teku, abincin mutanensa galibi kifi, mazansu da matansu suna sa kwalli, waƙarsu kuwa ba ta yi masa daɗi ba ko kaɗan. Da aka tona mashigin jiragensa a 1979 da 1980, sai aka tsamo daga cikin laka hatiman tagulla fiye da 40 a dunƙule wuri ɗaya, alamar cewa a jaka guda suka faɗa ruwa, kuma su ne jarin wani maƙerin zinariya.

Amfanin waɗannan hatimai shi ne, ana ɗora fallen zinariya a kansu a danna har ya ɗauki siffarsu, sa'an nan a ƙawata fuskarsa da zaren zinariya, wanda ake ja ta cikin ƙananan hudojin wani ƙarfe har ya yi siriri, da kuma ƙwayoyin zinariya waɗanda ba su kai ƙwayar gero ba, a liƙa su ɗaya bayan ɗaya da sinadari, a wutar da in ta ɗara kaɗan aikin duka zai narke. Ƙarshen abin da wannan fasaha ta kai shi ne kayan adon da ambaliyar teku ta tono a tsibirin Hiddensee na Jamus a 1872 da 1874, guda 16, masu nauyin wajen giram 600, waɗanda masana ke dangantawa da fadar Sarkin Denmak, Haral mai laƙabin da aka ɗauko aka sa wa Bluetooth na wayoyin hannu. Siffofin wasu hatiman Hedebi sun yi daidai da na kayan Hiddensee, ta haka kuwa aka haɗa ado da maƙerar da irinsa ke fitowa.

Mizani da amana

Duk wannan ciniki da awo ake yin sa, domin a wurin Baikinawa dirhami azurfa ce kurum, rubutun da ke jikinsa ba ya ƙara masa daraja. Sukan yanka shi, su yanka munduwa da sandar azurfa, su zuba a sikeli har nauyi ya cika, kuma sukan ɗan karce guntu da bakin wuƙa su ga ko cikinsa ya yi daidai da wajensa. Zinariya kuwa a kan goga ta a jikin wani baƙin dutse mai santsi, a duba launin zanen da ta bari. Ɗan kasuwa yana yawo da ɗan mizani mai naɗewa a cikin gwangwanin tagulla, tare da duwatsun awo, waɗanda wasunsu cikinsu baƙin ƙarfe ne an lulluɓe da tagulla, ta yadda duk mai son rage musu nauyi sai ya tona asirin kansa. A jikin wasu an zana abin da ke kama da rubutun Larabci, ko da yake ba ya karantuwa, kuma masana da yawa suna ganin asalin awonsu misƙali ne, mai nauyin wajen giram 4.25. An sami sharar ƙera irin waɗannan duwatsu a Birka da Hedebi, wato sun karɓi awon daga Musulmi har suka iya ƙera shi da kansu.

Wannan misƙali shi ne dai wanda fataken Sahara ke auna zinariyar ƙasashen Sudan da shi, kuma irin shaidar da aka samu a arewacin Turai an sami 'yar'uwarta a kusa da mu. A shekarar 2005 masani Sam Nixon ya yi tono a kufan Tadmakka, wanda a yau ake kira Essouk, a arewa maso gabashin Mali, ya sami mazuban yumɓu na ƙarni na tara zuwa na goma da ɗigon zinariya a maƙale a cikinsu, abin da ya gaskata maganar Albakri, wanda ya rubuta a 1068 cewa dinaren mutanen Tadmakka zinariya ce tsantsa marar hatimi. A zamani ɗaya ke nan, maƙerin gefen hamada da maƙerin gaɓar Tekun Baltik, waɗanda babu wanda ya san da zaman ɗan'uwansa, suna aiki a gefuna biyu na kasuwa guda wadda daular Musulunci ke tsakiyarta.

Bai halatta ba, duk da haka, a ɗauki wannan a matsayin wanke Baikinawa daga abin da aka tuhume su da shi. Hare-haren sun auku, kuma wani kaso mai yawa na azurfar da ta shiga waɗannan tukwane kuɗin 'yan Adam ne da aka kamo aka sayar, Dablin ma babbar kasuwar bayi ce a zamaninta. Abin da sharar maƙera ta tabbatar shi ne cewa ganima ba ta zama mulki da kanta, sai ta bi ta hannun wanda zai tace ta, ya auna ta, ya mai da ita munduwar da sarki zai ba jarumi ko kuɗin da za a buga da sunansa. Kuma garuruwan farko na waɗannan ƙasashe a kan irin waɗannan hannuwa suka tsayu.

Darasin Dablin

Dablin, wanda Baikinawa suka kafa sansaninsa a 841, ya ba da nasa rabon: tukwanen narki, da mazuban sandunan azurfa, da duwatsun awo na dalma waɗanda masani Patrick Wallace ya nuna cewa suna bin awon giram 26.6, da ƙasusuwan dabbobi waɗanda aka yi ta gwada zane a jikinsu kafin a kai shi ga ƙarfe mai tsada, wasu da hannun gwani, wasu da hannun ɗan koyo. Amma wurin da ya fi wadata, Wood Quay, hukumar birnin ta riga ta ƙudura gina ofisoshinta a kansa. Kuma ko da yake a watan Satumba na 1978 mutane wajen 20,000 sun fito zanga-zanga, kotu ma ta ayyana wurin a matsayin abin tarihi na ƙasa, ginin bai fasa ba, masana suka yi ta tono cikin gaggawa har zuwa 1981. Tun kafin wannan, a 1802, an sami mundayen zinariya goma masu nauyin wajen kilo 5 a tsibirin Hare na ƙasar Ailan, aka narkar da su ba da jimawa ba, ba abin da ya rage sai zanensu a takarda. A Yok kuwa an bi wata hanya dabam, aka gina gidan tarihi a daidai inda aka yi tonon, aka buɗe shi a 1984.

Irin wannan asara na daga cikin abin da ya sa ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Baleta na tsibirin Malta a 1992, cewa a riƙa duba abin da ke ƙarƙashin ƙasa tun kafin a ba da izinin gini. Hikimar wannan a bayyane take, domin abin da aka tona a Hedebi da Birka har yanzu ɗan kaɗan ne daga faɗinsu, mafi yawan tsohon Yok da tsohon Dablin kuma suna nan a ƙarƙashin gidaje da tituna, ba a samun damar leƙa su sai ranar da aka rushe wani gini za a kafa wani. Shimfiɗun ƙasa kuwa sau ɗaya ake karanta su, ko mai ilmi ya ɗaga su a hankali yana rubuta abin da ya gani da inda ya gan shi, ko injin haƙa ya kwashe su a wuni guda. Kuma tunda mutane sun saba tsayawa in sun ga ƙyallin zinariya, amma ba sa tsayawa saboda fasasshen kasko, wajibi ne doka da tarbiyya su tsaya wa kaskon, domin a jikinsa ilmin yake.